Ƙyallen da ya rufe jar fitilar Yaya Namjil

Yanjin ta shekara talatin da ɗaya tana gyaran wutar mota a cikin wata kwantena a gefen birnin Ulanbatar, kuma duk direban da ke hawa gangaren unguwar ya san ƙofarta. Gajeriya ce, ga surutu kamar ta ari baki, ga wata 'yar mita rawaya da ba ta rabuwa da aljihun rigar sanyinta. Karatun da take yi wa kowa bai taɓa canzawa ba. Lafiyayyen batir, in mota tana kashe, sha biyu da ɗigo shida yake nunawa. Da an tada inji, ya kamata ya haura wajen sha huɗu. In bai haura ba, a daina zagin batir, altaneta ce ta daina ba shi caji.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kawo mata mota ba, yayanta Namjil, tsohon direban manyan motoci. Cewa yake yi yarinyar da ya share wa majina ba za ta koya masa inji ba. Yarinyar nan fa shekarunta hamsin da takwas, har da jikoki. Takan yi dariya in ya faɗa, amma abin yana yi mata ciwo.

Bana tsohuwarsu, mai shekara casa'in da ɗaya, ta aiko cewa tana son 'ya'yanta biyu a gabanta da hantsin sabuwar shekara, ranar Farin Wata, domin ba ta jin za ta ga ta baɗi. Tafiyar kilomita ɗari uku ce a fili fetal, ba gari ba bishiya, ga sanyin da ke daskarar da yawu tun bai kai ƙasa ba. Motar da ta mutu a hanyar nan, masu ita ba gaisuwa kaɗai za su rasa ba.

Da safiyar jajibiri Namjil ya fito da batirinsa rungume a bargo, don a gindin murhu ya kwana kamar na kowa. Shi ne na uku da ya saya a hunturun nan, kuma ya gama tsine wa masu sayar da batir kaf. Ya ɗaura, mota ta tashi, ya dubi ƙanwarsa yana hura hanci. Ita kuwa kunne ta kasa. Iskar hita da ƙyar take fita, fitilu suna dusashewa da ya ɗaga ƙafa daga totur, hon kuma ya yi kukan akuya mai mura. Yana komawa ɗauko tulun shayi ta zaro mitarta ta ɗora. Inji yana aiki, amma sha biyu da ɗigo ɗaya ta gani.

Ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa motar nan cin batir take yi ba ta mayarwa, kuma kafin rabin hanya za ta ajiye su. Ya ce shekararsa arba'in a kan sitiyari, da akwai matsala da jar fitilar batir ta kama. Yanjin ta leƙa gaban motar. Shuɗin ƙyallen silikin da tsohuwa ta ɗaura masa don albarka ranar da ya sayi motar, shi ne ya sauko ya lulluɓe rabin agogunan. Hannunta har ƙaiƙayi yake yi, amma ba a taɓa ƙyallen albarkar babba.

"Yaya, ɗan ɗaga shi da hannunka mu gani."

Ya ɗaga da hannu biyu cikin ladabi. Ga fitila nan jajawur. Da ta matsa masa, ya amsa cewa tun kaka ya ɗan ja ƙyallen gefe don ya sami wurin ajiye waya.

"To, ka nemo batura biyun can ka ba su haƙuri," in ji ta. "Ba su ci zaginka da laifi ba."

Duk shaguna sun rufe don biki, sai suka gangara kwantenarta. Ta kwance altaneta ta buɗe, ta tarar ɗan gawayin ciki mai ɗaukar wuta ya cinye saura kamar ƙwayar shinkafa. Ta zazzage wani tsohon gwangwanin alewa ta samo sabo. Namjil ya tsaya yana miƙo sifana, ta ce sha uku ya miƙo sha bakwai, ta harare shi, ya ce yatsunsa ne suka daskare. Da suka mayar da ita suka tada, mita ta nuna sha huɗu da ɗigo biyu, fitilar ta mutu. Namjil ya tsiyaya mata shayi mai gishiri kafin ya zuba nasa.

Rana ba ta faɗi ba suka hango hayaƙin bukkar tsohuwa. Washegari da hantsi suka shiga gaisuwa, Namjil a gaba, kowa ya tallafi gwiwar hannunta daga ƙasa, ita kuma ta sunsuni kumatunsu, don idonta ya daɗe da tafiya. Ta sunsuni na ɗanta ta sake sunsunawa, ta ce yau kuma duk su biyun warin baƙin mai suke yi. Sannan ta yi masa barka da ya kawo mata ƙanwarsa lafiya.

Namjil ya yi gyaran murya, ga surukai da jikoki cike da ɗaki.

"Inna, ita ta kawo mu. Ni sitiyari kawai na riƙe."

Daɗi ya kama Yanjin. Har ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta fasa. Tsohuwa ta lalubo hannunta mai kaushi ta riƙe, ta ce a zuba wa bakanikiya nama tukuna.