Gatan da ya kwantar da Gwaggo Rabi

Da damunar bana Gwaggo Rabi ta cika shekara goma a ƙasa. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. An yi ta ba ni haƙuri, ana cewa zuciya za ta huce a hankali. Tawa dai ba ta huce ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, mutuniyar Bilbis, kuma a ɗakinta na girma. Daddawarta har gida 'yan kasuwar Tsafe suke biyowa. Mace ce da ko ruwan sha ba ta yarda a miƙo mata ba muddin ƙafarta na motsi. In ka matsa mata sai ta harare ka ta ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ya shanye mata ɓarin dama. Ɗanta na fari, Alhaji Sani, mai motocin haya a Gusau, ya kwashe ta zuwa asibiti, ya kuma kashe abin da ya kashe. Wannan ba zan danne masa ba. Ni lokacin ina koyarwa a Bungudu, sai na riƙa zuwa jinya.

Ana dab da sallamarta aka haɗa mu da wata ma'aikaciya, Malama Asabe. Ba allura take yi ba, ba magani take bayarwa ba. Aikinta ta duba abin da mai ciwo zai iya yi wa kansa in ya koma gida, ta koya masa dabarar sauran. Ta kawo buta da zani da kwanon tuwo da ashana, ta ce kowa ya naɗe hannunsa, ta zauna tana kallo. Gwaggo ta dafe buta da gwiwa ta yi alwala. Ta jingina da bango, ta kama bakin zani da haƙori, ta ɗaura da hagu. Ta ci tuwo tas, miya ko ɗigo ba ta zuba ba. Da aka zo ga ɗaga tukunya ta kasa, ta ji haushi har ta yi tsaki.

Malama Asabe ta ce mana Gwaggo za ta iya zama a ɗakinta. A samu mai ja mata ruwa a rijiya da mai sauke mata tukunya, a kafa mata sanda a makewayi ta riƙa dafawa. Sauran kuwa a bar ta ta yi da kanta, domin abin da aka daina yi shi jiki ke mantawa. Ranar na ga Gwaggo ta yi dariya, karo na farko tun faɗuwarta.

Alhaji bai ji komai a cikin bayanin nan ba sai hagu. Ya ce, “Uwata za ta ci tuwo da hagu ina raye? Mutane su ce mi?”

Na ce masa lalura ce, har limamin unguwarsu ya faɗa masa babu laifi. Ya ce ilimin boko ne ke ɗibata. Gwaggo kuwa, da yake shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ja da shi a gaban mutane. Ta sunkuyar da kai, aka sa ta a mota.

Ya ba ta ɗaki mai fanka a gidansa na Gusau, ya ɗora wa matarsa, Hajiya Binta, hidimarta. Baiwar Allah ta yi iya yinta. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke mata wanka, ita ke riƙe ta zuwa makewayi. To wane ɗan ƙasar nan ne bai san kunyar da ke tsakanin suruka da uwar miji ba? Duk gidan sun sani, amma aka ce ai gata ne.

Na je duba ta bayan girbi na tarar ta bushe, leɓenta duk ya tsage, ga kofin ruwa cike a gefenta. Na tambaye ta dalili. Sai da ta tabbata babu kowa a ƙofa ta ce, “Ɗiyata, in na sha, wa za ya kai ni bayi? Yarinyar mutane?”

Na fita na yi wa Alhaji tatas a gaban yaran motarsa, ya ce kada in ƙara tako masa gida. Na koma wajen Malama Asabe, ta zo da ƙafarta, aka ce mata Gwaggo na hutawa. Kafin damuna ta kama, ƙafar hagun ma ta daina ɗaukar Gwaggo, bayanta ya yi gyambo. Ajali na Allah ne, na yarda. Amma kwanciyar nan mu muka yi mata ita.

Da za ta leƙo yau, za ta ga gine-gine sun tashi a Gusau, kowa da waya a kunne. Ina jin za ta taɓe baki ne kawai. Kwanan baya na je gaida wani dattijo maƙwabcinmu a Bungudu da irin ciwon nan ya kama. Na tambaye shi jiki, 'ya'yansa uku suka amsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki hularsa, aka riga shi. Masu aiki irin na Malama Asabe har yanzu sai an tona, kuma ko an same su, kunnenmu na wajen abin da maƙwabta za su ce. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, mu kuwa ba ma tambayar mai ɗakin.

Gwaggo ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Abin da ta bar mini shi ne wasiyyar da na riga na yi wa 'ya'yana: ranar da jikina ya gaza, su tsaya su ga abin da zan iya kafin su kawo mini hannu, kuma kada wanda ya amsa tambaya a madadina ina zaune.

A danginmu kuwa labarin da ya rage daban ne. Duk shekara in an taru yi mata addu'a sai wata tsohuwa ta tuna yadda Alhaji ya riƙe uwarsa, ko loma ɗaya ba ta kai baki da hannunta ba har ta koma ga Allah. Sai a ce Allah ya ba mu ɗa irinsa, ɗaki ya ɗauka. Ni dai har yau ban ce amin ba.