Malam Junaidu, Mai Kai Dariya Gidan Mai Ita

Da an sallame sallar asuba, kafin masu keke su cika titin Arkilla da ƙara, Malam Junaidu ya riga ya zura takalmansa na taya, ya saɓa sanda ya fita. Haka muka taso muka gan shi. In ka tsaya da kabu-kabu ka ce ya hau, sai ya yi maka godiya, ya ce mai abin hawa wuce gari yake yi, mai tafiya ƙasa ne gari ke yi wa magana.

Tun yana koyarwa a firamare yake wannan yawo a lokacin hutu. Ya taka zuwa Kware, ya taka Boɗinga, ya kwana a zauren duk wanda ya shimfiɗa masa tabarma, sannan ya dawo ya rubuta 'yan littattafai sirara na ban dariya, irin waɗanda ake bazawa a tasha kusa da farantin goro. Mu da muka karanta su a ɓoye ƙarƙashin benci, har yau in mun haɗu sai wani ya tuno jakin da ya bi shi har Kware, mai jakin na biye yana kiran ɓarawo. Allah sarki, zamani. Lokacin nan Arkilla gonakin gero ce, ba gidaje ba.

Ba a taɓa kiransa taro an miƙa masa lambar yabo ba, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Kai ne, Malam, ka maida tsofaffin ƙauye da masu shayi mutanen littafi. Kai ne ka ba mu dariya ba tare da ka kunyata kowa ba.

Sirrin kuwa wata ƙa'ida ce da ya ɗora wa kansa. Duk wanda ya zolaya a rubutu, sai ya koma wurinsa da ƙafa, ya karanta masa a gaban mutanensa. In mai labarin ya yi dariya, a buga. In ya ɗaure fuska, a yage shafin.

To, bara gwiwoyi suka ce sun gaji. Ga littafinsa na ƙarshe ya kammalu, saura babi guda da bai karanta wa mai shi ba, labarin Mani, wani mahauci na Kwalkwalawa, wanda bijimin da ya je saye ya kora har saman darbejiya. Yana can sama da wuƙa a ƙugu, yana gaida masu wucewa kamar iska ya hau sha. Malam ya daɗe da ganin abin da idonsa, amma ya ɓoye, don lokacin Mani na neman aure. Yanzu kuma Malam ko masallaci da ƙyar yake kaiwa. 'Yarsa Jannatu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce ga keke a ƙofar gida. Ya ce ina, ai dariyar da aka samo da ƙafa, da ƙafa ake mayar da ita. In ba haka ba, littafin ya zauna a akwati. Taurin kai, Malam, har da na sayarwa.

Jannatu ce ta aika wa Mani da maganar. Wata hantsi sai ga tsoho Mani a ƙofar gida, ƙura har gwiwa, jikokinsa na biye suna ta ba shi haƙuri. Da ƙafa ya taso tun daga Kwalkwalawa. Ya zube a tabarma, ya sha ruwa, ya ce:

"Malam, ka ce da ƙahwa aka kai dariya, amma ba ka ce ƙahwar wa ba. Ga tawa ta zo. Karanta mu ji."

Malam ya karanta, maƙwabta sun cika zaure. Da ya kai ƙarshe kowa ya dubi Mani. Sai ga shi ya ɗaure fuska tamau. Malam ya kama shafin zai yage.

"Tsaya," in ji Mani. "Ka rage labari. Ina wandona da yat tsaya ga reshe?"

Zauren ya kece da dariya. Mani ya yi dariya har yana riƙe haƙarƙari, Malam kuwa ba a san ko dariya ce ko kuka ke fitar masa da hawaye ba. An ƙara wando, an buga littafi.

Mun gode, Malam Junaidu. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa a gama da duniya lafiya. Ku kuma matasa masu ɗaukar hoton mutane a waya kuna yaɗawa don a yi dariya, kafin ku tura, ku tambayi kanku ko wanda kuka zolaya zai tako da ƙafarsa har ƙofar gidanku ya ce a ƙara wando.