Rabon Manniru a Busar

A Sabo ta Ibadan an san Iliyasu da ɗaurin huhun goro, amma in ka tsallaka zuwa unguwar Mokola, mai ƙaho ake ce masa. Shi da amininsa Manniru sun sayi tsofaffin ƙahonin tagulla wurin wani Bayarabe ɗan badujala. Na Iliyasu ƙarami ne mai siririyar murya, na Manniru dogo, ana busawa ana jansa da hannu. Dattawan unguwa sun yi faɗa har sun gaji.

Busa guda suka ƙirƙira da kansu, ba su taɓa rubuta ta ba, ita ce ta sa Yarabawa ke kiransu biki. Iliyasu ya ɗauko sama, ya tsaya, Manniru ya amsa daga ƙasa. Iliyasu kuwa akwai son a yaba masa. In ya tsaya, numfashi yake tarawa, yana leƙen fuskokin 'yan kallo.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Manniru ya shiga soja, ya tafi da ƙahonsa. Bai dawo ba, ƙahon ma bai dawo ba.

Bayan matarsa Raliya ta fita takaba, ta aika aka kira Iliyasu. Ya tsaya a zaure, ita tana bayan ƙofa.

"Yaya Iliyasu, kullum ta katanga nake jin ku," in ji ta. "Muryar ƙahon maigidan ta fara ɓace mini. Don Allah busa mini wajen da yake amsawa."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Iliyasu.

Ya ɗora ƙaho a leɓe, sai ya rasa ta inda zai kama. Shekara da shekaru kafaɗarsu na gogar juna, ashe bai taɓa sauraron Manniru ba, jira kawai yake ya gama. Gumi ya karyo masa. Ya gwada wani abu, shi kansa ya san ƙarya ce.

Don kada shirun ya yi yawa, ya busa nasa rabon, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Zauren ya yi tsit.

"Naka na sani, Yaya," in ji Raliya a hankali. "Nasa nake so."

Iliyasu ya sauke ƙaho, ya ce, "Wallahi ban riƙe ba."

Sai ya ji ta tura ƙofa ta rufe.