Murjanin da Malam Ya Ba da Ajiya a Giza

Kafin mu zauna a Alƙahira, murjanin da na sani shi ne jajayen duwatsun wuyan kakata. Ban san yana da rai ba sai da maigidana, wanda karatu ya kai mu can, ya girke akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a ɗan falonmu na Hayyin Ashir.

Ranar da ya ce zai kawo murjani, ina jiran abu kamar kan kabeji. Sai ga shi da ɗan tsinke a leda, bai wuce farcena ba, an manne shi a kan dutse.

Na ce, "Malam, wannan ka je har Giza ka ɗauko? An cuce ka."

Ya yi dariya. "Wannan firag ake ce masa, wato ɗan yanki. In ya yi rassa ya kai girman ƙwai, ƙaramin koloni ke nan. In ya cika tafin hannu, koloni. Wanda ya isa a yanka a ba wasu kuwa, uwa ake kiransa. Kuma ba a haɗawa da dutsen wajen awo."

Na daɗe ina tsokanarsa, kullum in kara farcena a gilashin in ce har yanzu na fi shi, shi kuwa ya ce burinsa dai ya ga ya zama koloni. Da ƙyar abin ya kai ƙwai, sai Malam ya sa almakashi ya cire reshe guda, ya kai wa tsohon Bamasaren da ya sayar masa. Na yi faɗa sosai. Ya ce al'adar masu kiwon ce, kana ba wani ajiya don in naka ya mutu ka sami iri.

A bazarar da aka yi ta ɗauke wuta, Malam yana kwance a asibiti, ina jinyarsa. Famfon akwatin ya tsaya, ruwan ya yi zafi. Na dawo na tarar da murjanin fari fat, ya mutu. Da na gaya masa sai ya ce, "Ma'alish, ba komai, akwai ajiya a Giza. In na tashi mu je tare."

Bai tashi ba.

Bayan na fita takaba, ana gab da komawata Zariya, na nemi shagon da kwatance. Da na faɗa wa tsohon ko ni matar wane ce, ya yi ta'aziyya, ya kai ni gaban wani akwati. Reshen nan ya cika hannu biyu, ruwa na kaɗa shi a hankali.

Na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ammu, yanzu me ake ce masa?"

"Uwa, ya binti, 'yata. Mutane da yawa sun sami iri a jikinsa."

Ya ɗauko almakashi zai yankar mini, na ce ya bari, ba zai rayu a inda za ni ba. Kujera na roƙa, na zauna ina kallo har aka kira la'asar, kewar Malam ta cika mini ƙirji. Shi koloni kawai ya so ya gani. Ni da na ce an cuce shi, ni aka nuna wa uwa.