Bidon Ruwan da Na Zubar a Kasuwar Belbeji

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, mu biyar a motar kat-kat ɗin da maigidana ya aro wurin wansa: ni da shi, 'yan matanmu biyu, da mahaifiyarsa da duk muke kira Inna. Ita ta tada tafiyar. A Damargu aka haife ta, ta ce sai jikokinta sun ga raƙumi yana jan guga da idonsu, ba a waya ba. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, kasuwa ce ta kai ni.

Tun farko hankalina bai kwanta ba. Inna tana da ciwon suga, likita ya ja mana kunne kada a bari ƙishi ya kama ta. Shi ya sa maigida da kansa ya cika babban bido, wato jarka, da ruwa, ya ɗaure a bayan mota, ban da gorunan roba da ke hannunmu.

A Bakin Birji muka karya da shayi da ƙosai. Daga nan itatuwa suka fara gajarta, ramukan hanya kuwa ba a magana, kowane muka faɗa sai na waiwaya na dubi Inna. A Tanut muka kwana gidan wata 'yar uwarta, na sayi dabino da takalman fata. Washegari muka bar kwalta muka nufi Belbeji.

Kai, kasuwar nan ta tafi da ni! Ga cuku an jera fari fat, ga tabarmi, ga kanwa tuli-tuli. Sai na ci karo da wata Bafulatana da man shanu, ƙamshinsa kaɗai ya isa, kuɗin kuma bai kai rabin na Damagaram ba. Na ce zan kwashe duka. Ta ce, "To kawo abin zubawa." Babu. Maigida yana can kasuwar dabbobi da yara, Inna tana cikin mota ido a rufe. Na ce a raina ai kafin la'asar muna Tanut, ga goruna uku. Na kwance bidon nan na tuttule ruwan a gindin wata aduwa, awaki suka taru suna sha, aka ɗura mini mai. Ban gaya wa kowa ba.

A hanyar dawowa Inna ta ce a ratse arewa kaɗan, akwai rijiyar da take kai awaki tana yarinya. Can babu hanya, sai sawun taya da ke rabuwa biyu, ya sake rabuwa uku. Mun ga tuddan yashi, yara suka hau suna gangarowa, ƙarangiya ta cika musu zane. Rijiya dai ba mu gan ta ba. Wajen azahar motar ta nutse a yashi har ciki. Maigida ya taka totur, ta ƙara nutsewa. Waya babu rezo, ba halin kiran kowa.

Maigida ya ɗauki gora guda ya ce zai bi sawun shanu ya nemo mutane. "Ku yi ta ba Inna ruwa, bido yana baya." Ban gaya masa na zubar da ruwan ba har ya ɓace.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Gora ta biyu ta ƙare, ta uku na hana yara ina ba Inna kaɗan-kaɗan. Babbar ta ce, "Mama, a buɗe bido mana." Na daka mata tsawa ba laifin komai. Ita ma gorar ta ƙare. Leɓen Inna ya bushe, maganarta ta fara harɗewa, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Na shimfiɗe ta a inuwar mota ina mata fifita, ina kuka, ina cewa na kashe uwar mijina a kan man shanu.

Ƙaramar ce ta hango jakuna. Wata dattijuwa ce Ba'abziniya da 'ya'yanta mata, sun taso daga rijiya, ruwa cike a tsofaffin tiyo na taya rataye a ƙarƙashin cikin jakunan. Na ruga ina tuntuɓe. Ruwan ja-ja ne, yana warin roba, na so in kafa wa Inna kwano a baki. Matar ta riƙe hannuna. "A'a, baiwar Allah, ba haka ba." Ta jiƙa gefen mayafinta ta goga mata a leɓe da wuya, sannan ta riƙa ba ta kurɓi ɗaya, ta jira, ta ƙara. Da Inna ta buɗe ido ta ce, "Ina yaran?" sai na yi hamdala. Na miƙa wa matar kuɗi, ta kalle ni kamar na zage ta.

Can sai ga maigida da maza uku. Suka sace iskar tayoyi, suka shimfiɗa sababbin tabarmin da na saya a kasuwa a ƙarƙashi, motar ta fita. Kai tsaye asibitin Tanut muka yi, aka yi wa Inna ƙarin ruwa.

A nan bakin gadonta maigida ya juyo gare ni, fuska ba annuri. Ashe ya buɗe bidon ya gani. "Wa ya zubar da ruwan nan?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ni na sa ta. Man na yi kwaɗayi. In faɗa za ka yi, yi da ni." Ya sunkuyar da kai ya fita.

Na durƙusa na ce, "Inna, ai ba ki sa ni ba."

"Na sani, 'yar nan. Ina kallonki kina zubarwa, ban hana ki ba. Ni da aka haifa a nan na fi ki laifi. Tashi, kada yara su gan ki haka."

Kwana biyu muka ƙara sannan muka dawo Damagaram lafiya. Abin da na koyo, duk wanda zai shiga dajin nan ya bar duk abin da zai bari, ban da ruwa. Satinmu guda da dawowa na kasa barci da maganar, na sami maigida na gaya masa gaskiya. Ya ce kada in bari Inna ta san na faɗa.