Shirun Da Na Yi A Bakin Bahar Rum

Akwai wata safiya da ko zan manta da duk shekarun da na yi a Riyad, ita kam tana tare da ni har ranar da zan koma ga Mahaliccina. Abin bai faru a Riyad ba, a bakin teku ne a ƙasar Masar, amma daga Riyad muka tashi, kuma a can maganar ta ƙare.

A lokacin ina tuƙi a gidan wasu Larabawa a unguwar Badi'a. Shekarun nan ne da aka farfasa titunan Ulaya ana aikin jirgin ƙasa, tafiyar minti goma ta ci maka awa guda. Kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, babban ɗan gidan ne, amma ainihin aikina na mahaifinsa ne. Tsoho ne da ya haura saba'in, dogo, mai kaifin harshe. Baba muke ce masa, mu duka ma'aikatan gidan. Ni nake kai shi masallaci da asibiti, ni nake riƙe masa hannu idan zai hau matakala. Ba mugu ba ne, yana da kyauta, yakan tambaye ni lafiyar iyalina. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, a ce masa a'a. Direban da na gada, an gaya mini musu kawai ya yi da shi a kan hanya, wata bai cika ba aka sallame shi ya koma ƙasarsu. Ni kuwa ina da mata da 'ya'ya uku a Yauri, ga mahaifiyata, duk abin da nake aikawa suke jira. Saboda haka na koyi cewa “to” tun kafin ya rufe baki.

Baba ya yi karatu a Iskandariyya yana saurayi, a can ya koyi iyo, kuma yana da ɗan gida a bakin teku yamma da birnin. Duk shekara idan zafin Riyad ya kai inda ba ka iya taɓa sitiyari da tsakar rana, sai su kwashe su tafi can su yi wata biyu. Lokacin ne tekun ke da daɗi, ruwa da ɗumi, ga jama'a, ga masu ceto a bakin ruwa. Amma a wannan shekarar ba su je ba, don matarsa ta kwanta rashin lafiya, kuma a ƙarshen zafin Allah ya karɓi ranta. Ran nan cikin watan Nuwamba, ina mayar da su gida shi da ɗansa, sai ya ce zai tafi teku.

Ɗan ya ce, “Baba, ai lokaci ya wuce. Yanzu iska ce da ruwan sama a can.” Ya ciro waya ya nuna masa hasashen yanayi.

Baba bai ko kalli wayar ba. Ya ce, “Na san tekun nan tun ba a haife ka ba.”

A ƙarshe ɗan ya yarda, da sharaɗin a tafi da ni. Sun san ni ɗan Sarkawa ne, a kwale-kwalen mahaifina na girma, na iya ruwa tun ban iya karatu ba. Ranar tafiya ɗan ya ja ni gefe ya ce, “Amana ce na ba ka. In ruwa ba kyau, kada ya shiga.” Na ce to, in sha Allah.

Mun tarar da garin kamar an yi ƙaura. Yawancin gidaje a kulle, rumfunan bakin teku an naɗe su an ɗaure, ɗan benen katako da masu ceto ke zama babu kowa a kai, ko tutar gargaɗi babu. Kwana uku muka yi ana iska da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Ban taɓa ganin teku ba sai wannan zuwan, kuma abin da na gani ta taga ya sa na raina duk ruwan da na sani. Baba kuwa yana zaune a kujera lulluɓe da bargo yana kallonsa.

Rana ta huɗu aka wayi gari sama tas. Iska ta kwanta, rana ta fito da ɗan ɗumi. Baba ya karya sosai, har ya yi mini ba'a a kan yadda nake cika wa shayi sukari. Tun rasuwar matarsa ban ga haƙoransa ba sai ranar. Ya ce in ɗauko tawul.

Muka sauka bakin ruwa da hantsi. Mutum ɗaya muka tarar, wani masunci mai furfura yana ɗinkin komarsa a jikin ɗan jirginsa. Baba ya yi gaba, ni na tsaya muka gaisa. Ya dubi tawul ɗin da ke kafaɗata ya ce, “Ka gaya wa Alhaji kada ya shiga yau. Iska ce ta kwanta, teku bai kwanta ba. Bayan irin wannan guguwa sai ya yi kwana biyu yana ja.”

Ko bai faɗa ba, na gani da idona. Dama da hagu igiyoyin ruwa suna tasowa suna fashewa da farin kumfa, amma a tsakani akwai wani zirin wuri da ya yi lumui, ba igiya, launinsa ya yi duhu kamar an dama ƙasa a ciki. Na ga wani ɗan guntun itace a kansa yana tafiya, ba wajen gaɓa ba, cikin teku yake nufa. A kogi ma haka ne, inda ruwa ya yi santsi alhali kewayensa na motsi, nan mahaifina yake hana mu faɗawa.

Baba ya cire jallabiyarsa ya miƙo mini. Ya nuna daidai wannan zirin ya ce, “Ga wuri mai kyau, ba igiya.” Sannan ya juyo, fuskarsa a sake, ya ce, “Kai ɗan masunta, ya ka gani?”

Wannan tambayar ce har yau take dawo mini. Bai ba ni umarni ba, tambayata ya yi. Maganar tana bakina. Amma na dubi fuskar nan da ta yi watanni ba ta yi murmushi ba, na tuna direban da aka sallama, na ce wa kaina ai a bakin gaɓa zai tsaya, ai ina kusa. Na ce, “Yadda ka gani, Baba.”

Ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya ɗan yi ajiyar zuciya saboda sanyi, ya kwanta a kai ya fara iyo a hankali irin na wanda ya ƙware. Ban ƙirga ashirin ba na ga tazarar da ke tsakaninmu ta ninka. Ya juyo zai dawo, yana sa hannu yana sa ƙafa, amma kansa sai ƙara ƙanƙancewa yake. Bai yi kira ba. Hannu ɗaya kawai ya ɗaga.

Na faɗa ruwan da wandona da rigata. Sanyin ruwan ya doke ni a ƙirji, gishiri ya cika mini ido, ruwan kuma ya ɗauke ni da kansa ya kai ni wurinsa. Na same shi ya riga ya sha da yawa, idonsa a buɗe amma ba ya ganina. Na zagaya ta bayansa na riƙe shi ta haɓa, na juya zan nufi gaɓa, sai na ji kamar ina tura bango. A nan ilimin kogina ya ƙare. Ƙafafuna suka fara nauyi, na fara kalmar shahada a zuci.

Can na hango masuncin nan ya shigo ruwa zuwa ƙugu, yana nuna mini gefe da hannu biyu, yana ta maimaitawa. Na gane. Na daina faɗa da ruwan, na ja Baba muka bi gefe, a layi ɗaya da gaɓa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji jan ya sake mu, wata igiya ta taso ta baya ta tura mu, wata ta ƙara, har masuncin ya cafki rigata. Muka kwantar da Baba a rairayi, ya yi ta aman ruwa, jikinsa na kakkarwa, leɓɓansa sun canza launi. Masuncin kallona kawai ya yi sau ɗaya, ya cire mayafinsa ya rufa wa tsohon.

Kwana biyar Baba ya yi a wani asibiti a Iskandariyya, ɗansa ya zo muka dawo da shi Riyad aka sake kwantar da shi. Ruwan da ya shiga huhunsa da sanyin da ya kama shi sun zame masa ciwon da jikin tsufa ya kasa turewa. A gida kuwa ni ne gwarzo. 'Ya'yansa mata suna aiko mini da abinci, baƙi suna miƙo mini hannu suna sa mini albarka. Duk wanda ya gode mini sai in ji kamar ya ɗora mini dutse.

Wata rana bayan la'asar muna ɗakin asibiti mu biyu, ina gyara masa matashi, ya riƙe mini hannu. Muryarsa ta dushe. Ya ce, “Ɗana, ranar nan ka san ruwan ba kyau?”

Na ce, “Na sani, Baba. Masuncin ma ya gaya mini.”

“Na kuma tambaye ka.”

“Ka tambaye ni.”

“Me ya hana ka faɗa?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Tsoro na ji.”

Ya daɗe yana kallon silin. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, kuma wallahi a lokacin ko cewa ya yi in tattara kayana ba zan ga laifinsa ba. Sai ya ce, “Ka shiga teku domina ba ka ji tsoro ba, amma ka ji tsoron bakina.” Ya yi tari mai tsawo, na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, “Ka yafe mini.” Na ce ni ne mai neman yafiya. Ya girgiza kai, bai sake hannuna ba har barci ya ɗauke shi.

Bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Bai gaya wa kowa abin da muka yi magana a kai ba, amma ni na kasa riƙewa. Bayan an share makoki, ina mayar da ɗansa daga ofis, muna tsaye cikin cunkoson Ulaya, na gaya masa komai, har da amsar da na ba mahaifinsa. Motocin gabanmu suka motsa. Sannan ya ce, “Ni ma na san lokacin ba na teku ba ne, kuma ni na saya masa tikiti.” Na yi shekara uku a gidan bayan haka, kafin na dawo gida don raɗin kaina.

Na san kwanan Baba ne ya ƙare, ba wanda zai ƙara masa ko minti ɗaya. Wannan bai wanke ni ba. An ba ni amana, na ga haɗari, an tambaye ni, na zaɓi abincina. Da na buɗe baki, iyaka ya yi fushi, ko ya kore ni, ko ma ya ƙi ji ya shiga, amma da na sauke abin da ke wuyana. A da ina ɗauka ladabi shi ne ka bar babba a kan abin da yake so. Yanzu na san idan rai na cikin haɗari, shirun da ka yi don kada ran mutum ya ɓaci ba ladabi ba ne, kanka kake karewa. Tun daga ranar, in na ga abin da zai cuci mutum, ko wane ne shi, nakan faɗa masa da tattausan harshe, in ya so ya yi fushi da ni yana raye.