Hukuncin Mushe Usmanu

Mushe Usmanu, kamar yadda ake kiran malamin boko a Nijar, ya shekara ashirin yana koyar da lissafi a Gure, kuma ko ɗan cikinsa bai taɓa ƙara wa rabin maki ba. Shi ya sa da wani ma'aikacin likita ɗan Doso ya tashi barin gari, ya bar wa fadarsu ta shan shayi wani wasan Turawa, littafin ƙa'idojin sai ya faɗa hannun Usmanu. Wasan na labari ne. Kowa ya zana jaruminsa a takarda, a jefa ɗan lido a ga ko sara ya kama, ko tsafi ya ci. In gardama ta kaure, Usmanu ya buɗe littafin ya fassara Faransancin, magana ta mutu. Yana jin daɗin wannan sarauta fiye da yadda ya kamaci babban mutum.

Burahima tela ya raɗa wa jaruminsa suna Rabi'u, kowa ya yi kamar bai ji ba. Rabi'u ƙanensa ne, direban babbar mota da ya bi hanyar Difa shekara biyu da suka wuce. An ga motar, shi ba a gan shi ba. Matar Rabi'u, Zaituna, ƙanwar Usmanu, tana nan zaune, ba aure ba takaba, domin Burahima ya hana a yi sadakar mutuwa. Da ƙyar dangi suka shawo kansa ya yarda a yi ranar Juma'a.

Ran Laraba da la'asar aka sari Rabi'un takarda a bakin kogi, ya faɗa, ruwa ya tafi da shi. Amadu, mai jarumin boka, ya ce zai tashe shi da tsafi. Aka ce ina gawar? Duk ido ya koma kan Usmanu.

Ƙa'idar ba ta da wani lauje. Wanda ruwa ya ci da rauni, bayan jifa uku ya mutu, kuma tsafi ba ya tayar da wanda ba a ɗora hannu a kan gawarsa ba.

"Mushe," in ji Burahima, "wanda ba a ga gawarshi ba, ai ba a cewa ya mutu, ko?"

Usmanu ya dubi layin, ya dubi tela. Tausayi ya kama shi. Ya rufe littafin.

"Haka aka rubuta. Yana iya fitowa a wata gaɓar."

Burahima ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, ya tafi ko shayinsa bai shanye ba.

Washegari Zaituna ta zo gidan yayanta, idonta jawur. Ta ce tela ya mayar da geron sadakar rumbu.

"Wai kai ka faɗa masa wanda ba a ga gawarsa ba bai mutu ba, Yaya. Ya ce kai ba ka taɓa ƙarya ba."